Alƙawarin ciniki tsakanin ƙasashe: wa zai tilasta a cika shi?

Jama'a masu sauraro, a zangon Kumasi kowa ya san cewa falken da ya karɓi kaya bashi ya ƙi biya ba zai sake samun maigidan da zai tsaya masa ba. A kan irin wannan ƙa'ida aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, a 1995: duk ƙasar da take son a buɗe mata kasuwa, a caji kayanta haraji daidai da na kowa, wajibi ne ta cika abin da ta sa wa hannu. Wannan sharaɗi daidai ne, domin manomin koko da mai masaƙa ba za su zuba dukiyarsu a kan yarjejeniyar da za a iya warwarewa gobe ba.

Amurka ce ta fi kowa amfani da wannan sharaɗi. A 2000 majalisarta ta amince da hulɗar ciniki ta dindindin da Sin, wadda ta shiga WTO a Disambar 2001, kuma tun daga lokacin Washington take kukan cewa Sin tana tallafa wa masana'antunta fiye da ƙima. A 2018 ta janye wa tufafin Ruwanda rangwamen shirin AGOA, wanda ya ba kayan ƙasashen Afirka damar shiga kasuwar Amurka ba tare da haraji ba, saboda Ruwanda ta ƙara haraji a kan gwanjo.

Sai dai abin da ke damunmu shi ne, wa yake yanke hukuncin cewa an saɓa? Kotun ɗaukaka ƙara ta WTO ta daina aiki tun Disambar 2019, saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai. Yanzu ƙasar da aka kayar tana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ba ta zama, shari'ar ta tsaya nan. Ko lokacin da kotun take aiki ma, mai ƙarfi ne yake cin moriyarta. Barazil ta kayar da Amurka a kan tallafin auduga, ta karɓi dala miliyan 300 a sulhun 2014, alhali Benin da Burkina Faso da Cadi da Mali, waɗanda suka kai kukansu tun 2003 kuma manomansu suka fi kowa shan wahalar faɗuwar farashi, ba su da kasuwar da za su yi barazanar rufewa.

Mu ma a Afirka ta Yamma ba mu tsira ba. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, motocin kayan Gana suka yi ta jira a Seme, kan iyakar Nijeriya da Benin, duk da tsarin ECOWAS na sassauta ciniki. A wannan tsakanin kuma aka kulle shagunan 'yan Nijeriya a unguwar Suame ta Kumasi da kuma Accra, ana kafa hujja da dokar zuba jari ta Gana ta 2013 wadda ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan saye da sayarwa, su kuwa suna kafa tasu da yarjejeniyar ECOWAS ta zirga-zirga da zama. Kowane ɓangare yana da takardarsa a hannu, amma maimakon alƙali, kwaɗo da shinge ne suka yi magana, 'yan kasuwa kuma suka kwana cikin asara.

Tunda sakatariyar yankin ciniki maras shinge na Afirka, AfCFTA, tana Accra, kuma yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Kigali a 2018 ta tanadi hanyar sasanta rikici, ya kamata gwamnatinmu ta Gana ta daidaita dokokinta da abin da ta amince da shi, sannan duk ranar da maƙwabciya ta tare kayanmu a kan iyaka, ta shigar da ƙara a rubuce, ta bi ta har a yanke hukunci.