Fankar sama a rumfa da baranda: a kalli rufi kafin a je kasuwa

Hajiya Dija: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka daga nan Garwa. Watan Maris ya kama, ɗaki ya fara korar mutane, kowa ya kwaso tabarma ya dawo baranda ko rumfar tsakar gida. Yau zancen fankar sama za mu yi, wadda za a rataya a waje. Ina tare da Malam Hamadu mai aikin haɗa wuta, da Usmanu mai gyaran fanka da naɗin koyil. Malam, mutum ya tanadi kuɗinsa zai tafi kasuwa, me zai fara dubawa?

Malam Hamadu: Hajiya, kafin ya fita ya ɗaga kai ya kalli rufinsa. Rufin ne zai faɗa masa irin fankar da zai saya, ko ma ya haƙura da ta sama. In kankare ne, ko kwano mai silin, to aiki ya yi sauƙi. In kwano ne tsirara, akwai magana. Da azahar a watan Afrilu hannu ba ya iya taɓa kwanon nan, ita kuwa fanka iskar da ke samanta take jawowa ta turo ƙasa. Ka ga zafin kwanon za ta riƙa ɗebowa tana juye wa mutane a ka.

Usmanu: Kuma kan fankar kansa yana gasuwa. Zafin koyil daga ciki, zafin kwano daga sama, giris ɗin boris ya narke ya tsiyaye.

Hajiya Dija: To mai rumfar kwano ya zai yi?

Malam Hamadu: Ya sa wani abu tsakani. Silin na falanki ya fi, in babu hali ko zana ce a shimfiɗa ƙarƙashin kwanon, a bar rata kamar taƙi guda don iska ta riƙa ratsawa, wayar wuta kuma kada ta taɓa zanar. Rumfar da aka kafa da dirkokin itace aka rufe da ciyawa kuwa, ni ba na ba da shawarar a rataya mata fankar sama. Fanka kilo biyar zuwa bakwai ce, kuma kullum cikin jijjiga take. Dirkar da gara ta ci cikinta ba za ta sanar da kai ranar da za ta saki ba. A nan ta tsaye ta fi, ko a sa mai walda ya kafa ƙarfe biyu da na gicciye a rataya a jiki.

Hajiya Dija: Rumfunanmu da yawa gajeru ne fa, Malam.

Malam Hamadu: Shi ya sa awo ke gaba da saye. Daga ƙasa zuwa fiffike kada ya gaza mita 2 da santimita 30. In an samu mita biyu da rabi ya fi daɗi. Daga fiffike zuwa rufi a bar santimita 30, don in ta manne da rufi ba ta samun iskar da za ta ja. Daga bakin fiffike zuwa bango ko ginshiƙi, santimita 50. In ka haɗa, rufin da bai kai mita 2 da 60 ba, fankar bango ce tasa.

Hajiya Dija: Bari in ƙara abin da maza kan manta. A rumfar tsakar gida ake daka. Mace in ta ɗaga taɓarya, tana wuce kanta nesa. Ga yarinya da tulu ko faranti a ka. Inda turmi yake zama, kada fanka ta zo kusa da wurin.

Usmanu: Wannan gaskiya ne, Hajiya. Fiffiken da ya ci taɓarya sau ɗaya ba ya komawa daidai.

Hajiya Dija: Girma fa, Usmanu? Kowa babba yake so.

Usmanu: A kasuwa uku aka fi samu: mai inci 36, wato santimita 90, da mai inci 48, santimita 120, da mai inci 56, santimita 140. A ɗaki iska na bugun bango ta dawo. A waje babu abin da zai dawo da ita, wanda ke ƙarƙashin fankar shi kaɗai ke sha. Don haka rumfa mai faɗi, kamar mita huɗu kan huɗu, a sa mata mai inci 56, kuma a rataye ta daidai saman inda ake shimfiɗa tabarma ko ajiye kujeru, ko da ba nan ne tsakiyar rufin ba. Baranda kuma doguwa ce siririya. Ɗauki mai faɗin mita 2 da tsawon mita 8. In ka sa mai 140, santimita 30 kacal ya rage kowane gefe. Mai 90 za ta bar 55. Gara ƙanana biyu, a raba su da kamar mita uku da rabi, kowace da makunninta.

Malam Hamadu: Yanzu sai mu zo kan abin da ke kashe fankar waje a ƙasar nan, ruwa da ƙura. Hadarinmu daga gabas ya fi tasowa, kuma da iska yake fara zuwa. Barandar da ke kallon gabas feshi na shiga ta har bakin ƙofa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: in an yi ruwa mai iska, dubi inda daɓen ya jiƙe. Duk inda ƙasa ta jiƙe, fankar da ke samansa ma ta sha.

Hajiya Dija: Akwai wata lamba da ake rubutawa a kwali, ko?

Malam Hamadu: Akwai, haruffa biyu ne, IP, sai lamba biyu a gabansu. Ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP44 na nufin abin da ya kai kaurin milimita ɗaya ba ya shiga, kuma tana jure feshi ta kowane gefe. In ta farkon 5 ce, kamar IP54 ko IP55, an yi ta ne don ta tare ƙura, kuma ita ta fi dacewa da mu, don daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ba ya raga wa komai, daga Marwa har Kusiri da Njamena. Fankar ɗaki ta yau da kullum yawanci ba ta da wannan lamba. Za ta iya zama a baranda mai zurfi inda feshi ba ya kaiwa, amma a bakin rumfa damina ɗaya ko biyu ta ishe ta.

Usmanu: Abin da ke faruwa a ciki shi ne, ƙura ta shiga ta saman kan, ta gauraya da giris ta zama kamar yashi a cikin boris. Damina ta zo, laima ta bi sandar ta gangaro, tsatsa ta kama. Sai ka fara jin gurnani. Boris biyu ne, sama da ƙasa, lambarsu na rubuce a jiki, an fi samun 6201 da 6202. In za a canza a nemi mai rufin roba gefe biyu, ya fi mai rufin ƙarfe tare ƙura. Sannan ga zanzaro. Yana son kofin nan na sama da ke rufe mahaɗar waya, ya cika shi da laka. A riƙa saukar da kofin ana dubawa, bayan an kashe wuta daga babban makunni.

Hajiya Dija: Fukafukan fa? Masu kama da katako suna da kyan gani.

Usmanu: Na ɗaki ne, Hajiya. Garin katako ne aka matse, da ya sha laima sai ya kumbura ya sunkuyo. Na baƙin ƙarfe yana tsatsa daga inda fenti ya kwaile. Na alminiyam ko na roba mai tauri su ne na waje. A kuma tambayi koyil ɗin, na jan ƙarfe ne ko na alminiyam, don na jan ƙarfe ya fi jure zafi kuma yana naɗuwa in ya ƙone. Kada a sayi mai aiki da wutar volt 120 irin ta Amurka, wutarmu volt 220 ce.

Malam Hamadu: Ratayewa ita ce inda rai yake. A kankare, ƙugiyar rodi mai milimita 10 ko 12 wadda ta kama cikin ginin. A kwano, jikin babban katako ko ƙarfen da ke ɗauke da rufin, ba jikin silin ba. Kusar da ke ratsa sandar fanka tana da noti, bayan notin akwai ɗan fil da ake tankwasa ƙafafunsa. Yara masu koyon aiki kan jefar da shi, alhali shi ke hana noti kwancewa. A ƙara da wayar ƙarfe ta tsaro daga kan fankar zuwa rufi. Wayar wuta mai lambar kauri 1.5 ta isa, amma a zura ta cikin bututu, don rana na fasa rigarta. A haɗa wayar ƙasa, mai kore da rawaya, a kuma sa makatsar nan mai 30 mA da ke yanke wuta in ta fara zuba. Makunni da abin rage gudu a kafa su a bangon da ruwa ba ya duka.

Hajiya Dija: Mutane na kukan fanka ta yi sanyin gudu.

Usmanu: Yawanci kafasita ce, wadda a nan ake ce wa kondansatar. Zafi ke gajiyar da ita. An fi sa mai lamba 2.5 a jikinta, kuma a mayar da irin lambar da aka cire. Masu sa mai 4 don ta ƙara gudu, koyil suke dafawa. In kuma tana rawa, a auna daga bakin kowane fiffike zuwa rufi da sanda ɗaya, a ɗaure kusoshin, a goge ƙurar da ta taru. Kada a haɗa fukafukan fanka biyu, kowane saiti an daidaita nauyinsa tun daga kamfani. In wuta ta zo da rauni har fanka na gurnani ba ta juyawa, a kashe ta nan take. Haka in hadari ya taso, don iska na lanƙwasa fiffike.

Malam Hamadu: Masu sola su yi lissafi. Fankar da aka saba tana cin wat 70 zuwa 75, irin sabuwar nan mai inji BLDC kuwa wajen 30. Batir na ruwa mai volt 12 da 100 Ah, rabinsa ake ci in ana so ya daɗe, wato wajen wat 600 na awa guda. Tsohuwar za ta cinye shi cikin awa 8, sabuwar za ta kai awa 20. Sai dai tana da allon lantarki a cikinta, don haka ita ta fi bukatar a nisanta ta da feshi.

Hajiya Dija: Akwai abu ɗaya da nake so iyaye su riƙe. Fanka ba ta sanyaya iska, gumi take busarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in zafi ya haura digiri 40, fanka kan ƙara wa jiki zafi ne, mu kuwa a Afrilu muna wuce haka. Tsoho ko jariri da aka kwantar a rumfa da tsakar rana, a yayyafa ruwa a daɓe, a jiƙa mayafi a shafa masa, a ba tsoho ruwa akai-akai, jariri kuma a yawaita ba shi nono. Malam Hamadu, Usmanu, mun gode, Allah ya saka da alheri.

Malam Hamadu: Amin, Hajiya. Allah ya ba mu damina lafiya.