Maganin da Ba Ya Jiran Kowa: Lacca kan Aikin Ma'aikacin Hoton Nukiliya a Asibiti

An gabatar da wannan lacca a Gusau ga ɗaliban ajin kimiyya na manyan makarantun sakandare, a gaban malamansu da wasu daga cikin iyayensu, kuma daga faifan da aka naɗa aka rubuto ta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugabannin makarantu, malamaina, iyayenmu da suka samu halarta, da ku ƙannena ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

An nemi in yi magana a kan sana'ar da nake ci da ita, kuma na lura tun da aka faɗi sunanta wasunku suka yi turus, domin duk inda aka ambaci nukiliya a rediyo, makami ne ko takunkumi yake biyo baya. Mahaifiyata ma, ranar da na gaya mata sashen da aka tura ni, tambayata ta yi ko aikin soja na koma. To, a asibiti akwai fannin da ake kira likitancin nukiliya, inda ake amfani da ɗan ƙanƙanin sinadari mai fitar da radiyeshan, wato wani irin haske da ido ba ya gani, domin gano cuta ko magance ta. Wanda ke haɗa wannan sinadari, ya auna shi, ya sa wa majinyaci, ya ɗauki hoton, shi ne ma'aikacin da zan yi magana a kansa.

Yawancinku kun san hoton ƙirji ko hoton ƙashi da ake ɗauka idan mutum ya samu karaya. A wannan, hasken daga na'ura yake fitowa, ya ratsa jikin mutum ya wuce, sai ya nuna siffar abin da ke ciki. Namu aikin akasin haka ne: hasken daga cikin jikin majinyaci yake fitowa, bayan an yi masa allurar sinadarin, ita kuwa na'urarmu, wadda ake kira kyamarar gama, ba ta fitar da komai, tsintar abin da ke fitowa kawai take yi. Saboda haka hotonmu aikin gaɓa yake nunawa. Ana iya duba ƙodar mutum guda biyu a sikanin a ga girmansu ɗaya, amma idan aka zo wurinmu sai a tarar ɗaya ce ke ɗauke da kusan dukan aikin, ɗayar tana zaune ne kurum. Likitan da ke shawarar yin tiyata yana matuƙar bukatar wannan bayani kafin ya ɗauki wuƙa. Fannin kuma ba sabo ba ne: tun 1941 wani likita a Amurka, Saul Hertz, ya fara magance cutar maƙoƙo mai yawan aiki da ayodin mai radiyeshan, kuma a ƙarshen shekarun 1950 Hal Anger ya ƙera kyamarar da har yau a kan tsarinta muke.

Inda nake so ku tsaya ku saurare ni da kyau shi ne halin maganin da muke aiki da shi, domin daga halinsa ne duk sharuɗɗan aikin suka samo asali. Sinadarin da aka fi amfani da shi sunansa teknishiyam-99m, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na hotunan wannan fanni a duniya da shi ake ɗaukarsu. Duk bayan awa 6 ƙarfinsa yana raguwa zuwa rabi. Abin da ka auna da ƙarfe shida na safe, da sha biyun rana rabinsa ya rage, da magariba kwata, washegari da safe kuwa kashi ɗaya cikin 16. Babu firjin da zai tsayar da wannan, babu roƙon da zai jinkirta shi. Wannan alheri ne ga majinyaci, tunda abin ba ya daɗewa a jikinsa, amma ga ma'aikaci yana nufin ba zai taɓa ajiye magani a kanta ya jira ranar da ya ga dama ba.

To, yaya ake samun abin da ke ƙarewa cikin yini guda? Ana samunsa ne daga uwarsa, wani sinadari mai suna molibdinam-99, wanda shi nasa ƙarfin sai bayan awa 66 yake komawa rabi. Ana sarrafa shi a wasu 'yan tsirarun tukwanen nukiliya na duniya, daga cikinsu akwai SAFARI-1 da ke Pelindaba a Afirka ta Kudu, sannan a rufe shi cikin wata tukunya mai nauyi da aka kewaye da dalma, a sako ta a jirgi. Sunan wannan tukunya janareta, amma ba irin na ba da wuta ba. Kowace safiya ma'aikaci yana zura mata ruwan gishiri mai tsabta ya ɗebo teknishiyam da ya taru cikin dare, kuma masu sana'ar tatsar saniya suke kiran wannan aiki, abin da ba sai an yi wa ɗan Zamfara bayaninsa ba. Sai dai saniyar nan kullum nononta raguwa yake yi, bayan mako guda abin da ya rage kusan kashi ɗaya cikin shida ne.

Na taɓa ganin illar wannan da idona a wani asibiti da na yi aiki. Mun rubuta sunayen majinyata, wasu sun taso daga garuruwa masu nisa sun kama ɗaki, sai janaretan ya maƙale a filin jirgi saboda takardu har kwana huɗu. Da ya iso, sama da rabin ƙarfinsa ya tafi. Ni ne na zauna da takarda da biro ina lissafin mutum nawa abin da ya rage zai isa, ni ne kuma na fita na gaya wa wani dattijo da ɗansa ya goyo daga mota cewa sai wani zuwan. Ranar na gane cewa lissafin da muka riƙa gudu a aji shi ne ke yanke wa mutum hukuncin a yi masa hoto yau ko ya koma gida.

Ga yadda safiyar ma'aikaci take. Kafin majinyaci na farko ya shigo, sai ya gwada na'urar auna ƙarfin magani da wani ma'auni da aka san ƙarfinsa, ya gwada kyamara ya tabbatar fuskarta duka tana gani daidai, domin tabo a kyamara yana iya fitowa a hoto kamar cuta a jikin mutum. Sai ya tatsi janareta, ya haɗa teknishiyam da hodar da za ta kai shi gaɓar da ake so, tunda ta ƙashi daban, ta ƙoda daban, ta zuciya daban, kuma duk wannan a bayan gilashi mai dalma yake yinsa, da safar hannu, da matsefi mai dogon hannu. A hoton ƙashi, wanda aka fi yi wa masu sankarar mama da masu kansar furostet, wata gaɓa ta maza da ke ƙasan mafitsara, don a ga ko ta bazu, bayan allura sai majinyaci ya jira awa biyu zuwa uku yana shan ruwa, ya yi fitsari, sannan ya kwanta kusan rabin awa ba motsi. Mai ciwon baya ba ya kwanciya rabin awa ba motsi don an umarce shi, sai an lallashe shi, an sa masa matashi a ƙarƙashin gwiwa, an tsaya ana yi masa magana. Daga nan hoton ya tafi wurin likitan fannin, wanda shi ke fassara shi. A sashen akwai kuma masanin fiziks na asibiti, da mai haɗa magunguna, da nas, kowa da gurbinsa.

Na san iyayenmu tambayar da ke ransu ita ce haɗari. Haɗarin akwai shi, kuma an auna shi an sa masa iyaka. Ƙa'idar duniya ita ce kada ma'aikaci ya wuce milisibat 20, wato ma'aunin radiyeshan da jiki ya ɗauka, a shekara idan aka raba a kan shekara biyar, alhali kowane ɗan Adam, ko bai taɓa taka asibiti ba, yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da sararin sama. Kowannenmu yana maƙale da wani ɗan baji a ƙirji da ke tara lissafin abin da ya same shi, ana karɓarsa lokaci-lokaci a karanta. Kariyar kuwa abu uku ce: rage lokacin da kake kusa da maganin, ja da baya, domin idan ka ninka tazara sau biyu abin da ke isowa gare ka kwata yake komawa, sannan sa dalma tsakaninka da shi. Ambaton dalma a wannan jiha ba ƙaramin abu ba ne, tunda ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubarta ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta hanyar ƙurar daka duwatsun zinare. Tamu dalmar dunƙulalliya ce a rufe cikin fenti ko ƙarfe, ba ƙura ba ce, amma wanda ya taso a nan ya riga ya san cewa abin da ba a ji ba a gani yana iya kisa, kuma wannan sani yana da amfani a aikinmu. Hukumar da ke ba da lasisi da sa ido a kan duk wannan a Najeriya ita ce NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa, ta fara aiki a 2001.

Yanzu ga hanyar shiga. A ƙasar nan ƙofar da aka fi bi ita ce digirin radiyogirafi, wato ilimin ɗaukar hoto a asibiti. Kuna bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, sannan a JAMB ku rubuta Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Karatun shekara biyar ne, kuma ba sai an je Kudu ba: Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato tana da sashen, haka Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri. Bayan kammalawa akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, da rajista da RRBN, hukumar rajistar masu radiyogirafi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1987 kuma ba a yin wannan aiki bisa doka sai da lasisinta, sannan hidimar ƙasa. Ƙwarewa a ɓangaren nukiliya daga baya take zuwa, ta hanyar horo a cibiyar da ke yin aikin ko karatun gaba da digiri, kuma Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, da ke Biyana takan ɗauki nauyin horar da ma'aikatan ƙasashe irin tamu. Mai tunanin ƙetare ya sani cewa kowace ƙasa da tata jarrabawar, a Amurka misali sai an samu shaidar ɗaya daga hukumomin jarrabawarsu, NMTCB ko ARRT.

Waɗannan su ne sharuɗɗan takarda. A ganina wanda ya fi su nauyi shi ne riƙon amana a inda babu mai ganinka, domin idan ka zubar da ɗigon magani a tebur ka share ka yi shiru, ba launi ba wari, abokin aikinka ne zai ɗora hannu a wurin. Sai kuma iya magana da mutanenmu da harshensu. Wanda aka ba ayodin-131 don maganin cutar maƙoƙo, sinadarin da ƙarfinsa sai bayan kwana 8 yake komawa rabi, ana sallamarsa da ka'idoji: ya kwana shi kaɗai na wasu kwanaki, kada ya rungumi yara, ya ware kofinsa, ya zuba ruwa sosai a bayan gida. Takardar da ke ɗauke da wannan an tsara ta ne don gidan da kowa ke da ɗakinsa. Ku kawo ta gidan da ake ci a kwano ɗaya, ana shan ruwa da moɗa ɗaya, buta ɗaya tana zagayawa, uwa na kwana da 'ya'ya uku a shimfiɗa guda, sai ku ga cewa dole a samu wanda ya san gidan ya zauna da majinyaciya da mijinta su tsara yadda za a yi. Haka kuma kafin kowace allura dole a tambayi mace ko tana da ciki ko tana shayarwa, kuma matanmu da yawa ba za su buɗe baki ga namiji baƙo su amsa wannan ba. Shi ya sa nake kallon layin 'yan matan can na baya, domin fannin yana bukatarku. Ma'aikaciyar da ta samu juna biyu tana sanar da shugaban sashe, a sauya mata wurin aiki yadda abin da zai kai ga ɗan cikin ba zai wuce milisibat 1 ba har ta haihu.

Ba zan ɓoye muku halin kasuwar aikin ba. Cibiyoyin gwamnati da aka sani da wannan fanni su ne na Asibitin Koyarwa na Ibadan, da aka buɗe a 2006 da tallafin IAEA, da na Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, wato guraben ba su da yawa, kuma majinyacin da ya taso daga Ƙaura Namoda ko Talatar Mafara doguwar tafiya ce a gabansa. Sabon hoton da ake kira PET, wanda ke nuna bazuwar ciwon daji sosai, yana aiki ne da fulorin-18 da ke komawa rabi cikin minti 110, don haka abin da aka ɗauko daga Legas a mota, bayan awa 11 kashi ɗaya cikin 64 ne ya rage, kuma motar ba ta ma iso Gusau ba. Ke nan duk ranar da za a yi irin wannan hoto a yankinmu, sai an kafa injin haɗa sinadarin a kusa, an kuma samu masu riƙe shi. Kafin wannan rana, mai digirin radiyogirafi ba zai zauna haka ba, domin da shi ake aikin hoton ƙirji da CT da MRI da sikanin, a asibitin gwamnati da na kuɗi.

Abin da zan roƙi malamai shi ne, kafin yaran nan su cike fom ɗin JAMB, a duba musu ko RRBN ta amince da sashen jami'ar da suka zaɓa, domin digirin da ba ta amince da shi ba ba ya kai mutum ga lasisi. Ku kuma ɗalibai, wanda abin ya kwanta masa, ya nemi izini ta hannun makarantarsa ya je sashen ɗaukar hoto na asibitin da ke kusa da shi ya wuni yana kallo, ya ga ko zai iya tsayawa kusa da mai jin ciwo ba tare da ya ƙosa ba. Na gode, Allah ya saka da alheri. Mai tambaya ya ɗaga hannu.