Wa ke riƙe da kyamara idan mata suna magana?

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku na zo da su yau a kan aikin darakta: shiga, saurare, da kuɗi. Mu fara da shiga.

Kun san rubutun nan na ƙofar gida, "ba shiga". Darakta namiji, komai gwanintarsa, a zaure yake tsayawa. Ko an bar shi ya shiga, matar gida za ta ja mayafi ta ce lafiya lau, alhamdu lillahi, shi ke nan hira ta ƙare. Ke kuwa har uwar ɗaka za a kai ki, a shimfiɗa miki tabarma. Ƙannena, wannan jari ne, kuma a hannunku yake.

Bari in ba ku misalin da nake ƙauna. Aisha Macky 'yar Damagaram ce, an haife ta a 1982. Ilimin zamantakewa ta karanta a jami'ar Yamai kafin ta koyi fim. A 2016 ta fitar da fim na labarin gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba, mai suna da Faransanci da ke nufin bishiyar da ba ta 'ya'ya. A kan me? A kan matan da ba su samu haihuwa ba. A Nijar fa, ƙasar da a lokacin ake lissafa wa mace ɗaya 'ya'ya kusan 7. Ku duba nauyin abin. Ana suna a gidan maƙwabta, ana suna a gidan kishiya, ke kina zaune, dangin miji suna kallon cikinki kowane wata. Ita ake kira juya, ita ake kai wa wajen mai magani, alhali likitoci sun daɗe suna cewa matsalar kan fito daga namiji ma. Maza, na ga kun sunkuyar da kai, ku ɗago, ba da ku nake ba, da na waje nake. (dariya)

To me ta yi? Ba ta je ta kafa wa wata baiwar Allah kyamara ta ce ba mu labarin baƙin cikinki ba. Da kanta ta fara. Ita ma tana da aure, ita ma ba ta samu haihuwa ba, kuma mahaifiyarta wajen haihuwa ta rasu. Ta sa kanta a cikin fim ɗin, tana yi wa mahaifiyar magana. Da kanta ta fara, ina so ku riƙe wannan. Macen da ta ga kin kwance naki ƙullin, ita ma za ta kwance nata. Fim ɗin ya ci kyautar fina-finan Afirka ta AMAA ta wannan shekarar a ajinsa, amma ni abin da ya fi burge ni shi ne maganar da ake yi ƙasa-ƙasa a ɗaki ta fito kan allo da bakin masu ita. Kuma kada wani ya ce mace iyakarta labarin mata: a 2021 ita ce ta shiga unguwar Kara-Kara a Damagaram ta yi fim da samarin da gari ke tsoro.

Ashe har na shiga na biyu, saurare. Idan mace ta yi shiru a tsakiyar magana, kada ki ce a yanke. Ki bar kyamara tana ɗauka. Abin da zai biyo bayan shirun nan shi ne fim ɗinki. Kuma ku kula da sauti. Wayar hannunki ta isa hoto, amma ki sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, ki sa a kashe fanka, ki yi nesa da janareta. Sannan wajen tace fim, kada ki ɗora muryar mai sharhi a kan tata yana fassara mana abin da take nufi. Ta riga ta faɗa.

Tarihi kaɗan, da gudu. Safi Faye ta Senegal ta yi dogon fim ɗinta a 1975, ta rasu a 2023. Bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu tun 1969 ake yin sa, babbar kyautarsa sunan gimbiya Yennenga take ɗauke da shi, amma a 2023 darakta Apolline Traoré ta Burkina Faso ta azurfa ta samu, wato ta biyu. Ta zinariya nake jira daga cikinku. Na huɗu, kuɗi... na uku ne? To, na uku. Amma na ga hannu, mu ɗauki tambaya tukuna, bismillah.

Tambaya: Anti, idan mace ta ba ni labarinta, daga baya ta ce a cire fa, bayan na gama aiki?

Ki cire, 'yata. Na san da zafi, kin kashe kuɗin mota, kin kwana kina tacewa. Amma ke za ki tafi biki a tafa miki, ita kuwa a unguwar za ta ci gaba da zama, da miji, da uwar miji, da masu tura bidiyo a WhatsApp. Don haka tun ranar farko ki gaya mata da harshenta inda za a nuna fim ɗin, har da intanet, ki ɗauki amincewarta a murya idan ba ta karatu. Kafin kowa ya gani, ki koma ɗakinta ki kunna mata ita kaɗai. Idan fuskarta ce damuwar, ana iya ɗaukar hannayenta tana tankaɗe, ko bayanta, a bar muryar. Idan muryar ce, ki tambaye ta ko wata za ta iya karanta kalamanta. In ta ce a'a duka, ki goge a gabanta, har da kwafin da ke kwamfutarki, ta gani da idonta. Akwai wata tambayar? Ke mai koren mayafi, a miƙa mata makirufo.