Yadda Ake Gano Dalma a Cikin Ɗigon Jini

Masu kallo, ku dubi ɗigon jinin nan. Idan akwai dalma a cikinsa, ido ba zai gani ba, hanci ba zai ji ba. To yaya ake auna ta?

A shekarar 2010, yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Yargalma. Duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje cike suke da dalma, yara kuma suna shaƙar ƙurar, suna haɗiye ta. Likitocin MSF, ƙungiyar agajin lafiya ta ƙasa da ƙasa, na buƙatar sakamako nan take, ga shi babban ɗakin gwaji yana nesa. Sai suka yi aiki da wata ƴar na'ura mai suna LeadCare II, wadda ake iya ɗauka a hannu.

Ga yadda take aiki. Kusan duk dalmar da ke jini tana ɓoye ne a cikin jajayen ƙwayoyinsa, don haka sai a gauraya jinin da ruwan asid ya fasa su, dalmar ta fito fili. A ɗiga haɗin a kan wani siririn tsinke mai ɗauke da burbushin zinariya. Na'urar ta saki lantarki kaɗan, ya janyo dalmar ta manne a jikin tsinken, kamar yadda maganaɗisu ke tsince allura a cikin yashi.

Daga nan sai a juya akalar lantarkin. Dalmar ta saki tsinken ta koma cikin ruwan, kuma wajen komawar tana haifar da wani ɗan lantarki da na'urar ke aunawa. Kowane ƙarfe da matakin lantarkin da yake sakin tsinken, ta haka ake bambance dalma da tagulla. Yawan lantarkin kuwa shi ke faɗin yawan dalmar. Minti 3, an gama.

Sai dai na'urar tana da iyaka: ba ta karanta abin da ya haura maikrogiram 65 (maikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a desilita ɗaya ta jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. Yaran Zamfara da yawa sun zarce nan, alhali daga 45 ma ake fara ba da maganin fitar da gubar. Dole ta sa ma'aikata suka riƙa sirka jinin da wani mai ƙarancin dalma, su auna, sannan su lissafa ainihin adadin.

Wani abin lura kuma: ƙurar da ke kan yatsan yaro kaɗai tana iya ɓata sakamako, shi ya sa ake wanke hannun tas, ko a ɗebi jinin daga jijiya.