Ka Sayi Windows Mai Tsada, Wa Ya Ce Za A Yi Maka Ragi?

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau ya taso ne daga wani saƙo da wani bawan Allah ya turo mana daga can wajen Ringim, yana da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi da cike wa yara fom a intanet, irin wanda muke ce wa bizines santa ɗin nan. Ya ce ya shiga Kano zai sayo laftof ta hannu, sai mai shagon ya ce masa ya ƙara kuɗi a sa masa Windows Pro, wato nau'i mai tsada na manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wai ita ce ta manya, kuma wai duk ranar da sabuwa ta fito kamfani zai yi masa ragi tunda shi ya zama babban kwastoma. Shine yake tambaya, gaskiya ne ko kuwa daɗin bakin ɗan kasuwa ne.

To Malam, babu wannan alƙawarin, ba a taɓa yin sa ba, kuma akwai waɗanda suka riga ka zaton haka suka sha mamaki. Bari in ba ku labarin don ba yau aka fara ba.

A watan Janairun 2007 kamfanin Microsoft na Amurka ya fito da Windows Vista, ya kasa ta kashi-kashi, akwai Home Basic, akwai Home Premium, akwai Business, sannan can ƙololuwa akwai wadda sukai wa suna Ultimate, a baƙin kwali. Kuɗinta dala 399 in sabuwa fil za ka saya, in kuma ɗorawa za ka yi kan tsohuwar da kake da ita dala 259. A canjin wancan lokacin dala 399 ta kai wajen naira dubu 50, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan bai kai dubu 10 ba, ku dai auna. Abin da aka jawo mutane da shi kuwa shine wai akwai tsarabe-tsarabe da za a riƙa turo wa masu Ultimate su kaɗai lokaci zuwa lokaci, ba wanda zai samu sai su. Mutane suka zuba kuɗi suka zauna jiran tsaraba. Me ya zo? Wasan karta ɗaya, da wani abu mai suna DreamScene da ke sa hoton fuskar kwamfuta ya riƙa motsi kamar bidiyo, sai 'yan sautuka, sai wani ɗan wasan mutum-mutumi daga baya, da 'yan tarkace. Wallahi in da ni ne na biya dala 399 aka ce ga hoto mai motsi, ban san me zan ce ba.

To ba a nan ma abin ya yi zafi ba. A 2009 da za a fito da Windows 7, wadda ta shiga kasuwa ranar 22 ga Oktoba, kamfanin ya yi wata garaɓasa ta 'yan makonni tun daga ƙarshen watan Yuni, ya ce duk wanda ya biya tun kafin ta fito zai samu Home Premium ta ɗorawa kan tsohuwa a dala 50 maimakon 120, Professional kuma dala 100 maimakon 200. Ultimate fa? Ko sisi ba a rage ba, dala 220 ɗinta tana nan daram. Wato wanda ya sayi mai araha an yi masa ragin fiye da rabi, wanda ya fi kowa zuba kuɗi shi aka bari a rana, kuma tsarabar nan da akai ta yi masa romon baka da ita aka soke ta gaba ɗaya a Windows 7. In kuma ya ce to bari ya sauko ya ci garaɓasar ƙaramar, sai ya kwashe kayansa an sa ta daga farko ya sake saka komai, don Ultimate ba ta hawa kai tsaye sai kan Ultimate 'yar uwarta. Mutane sun yi ta ƙorafi, kuma ni a ganina suna da gaskiya, don ba alfarma suke roƙo ba, an karɓi kuɗinsu ne kan wani abu da bai zo yadda aka kwatanta ba.

Amma fa mu tsaya mu fahimci yadda ragi yake a gun waɗannan kamfanonin, don a nan ne mutanenmu ke ruɗewa. Mu a nan mun saba da gyara. Ka je kasuwar Gujungu ko Maigatari gun mai awon da ka saba, ya cika maka kwano ya ƙara maka hannu guda, don ya san ka, ya san babanka, ya san gobe ma za ka dawo. Kamfanin da ke da kwastoma sama da biliyan bai san ka ba. Ragi a gunsa ƙugiya ce ta kamo wanda ke shakkar saye, shi kuwa wanda ya riga ya nuna zai iya biyan mai tsada ai an gama da shi, me za a lallashe shi da shi. Shi ya sa ragin kullum yake faɗawa inda jama'a suka fi yawa.

Ku duba abin da ya biyo baya. A 2012 aka saki Windows 8 Pro a dala 40 ga kusan kowa, mai XP da mai Vista da mai 7, ba a tambayi wacce ka saya a baya ba. A Yulin 2015 Windows 10 ta zo kyauta ma ga masu 7 da 8.1, mai Ultimate aka ba shi Pro, mai Professional da ya biya ƙasa da shi shi ma aka ba shi Pro, kunnen doki. Masu Vista kuwa, har da 'yan baƙin kwalin nan, ba a sa su cikin rabon ba sam. Su Apple tun 2013 suka daina karɓar kuɗin sabunta tasu manhajar. Iya abin da za a ce mai Pro ya samu shine in an tashi ɗaga shi ana ɗaga shi ne zuwa Pro, bai sauka ba, shikenan.

Yanzu mu dawo gida, don nasan wani na can yana cewa mu ina ruwanmu da dala, mu da filas ake sa mana. Gaskiya ne, yawancin kwamfutocin da ke shagunan garuruwanmu ba wanda ya sayi lasisi, yaron shago ne ke zura filas ya yi fomatin cikin rabin awa, shi ya sa za ka shiga ka ga ana buga maka takardar haihuwa can gefen allo daga ƙasa ta dama an rubuta Activate Windows dishi-dishi, shekara da shekaru ba wanda ya kula ta. To irin wannan in aka ce ka ƙara kuɗi don Pro, kuɗin me ka biya? Filas ɗaya ce, zaɓi ne kawai yake dannawa, Home, wato mai arahar, ko Pro. Ta gaskiyar, Windows 11 Home dala 139 ce, Pro kusan dala 200, in kuma daga Home za ka hau Pro dala 99 ne. A canjin wajen naira 1,500 wannan dala 99 ta doshi dubu 150, ninki biyu kenan na mafi ƙarancin albashin dubu 70 da aka sa hannu a 2024. Duk wanda ya ce ya sa maka Pro ta asali kan 'yan dubbai, to ka tambaye shi a ina ya samo.

Wani abin ma da 'yan kasuwa ba sa faɗa, laftof ɗin nan na hannu da ake jibgowa daga Turai da Amurka, su HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad, yawancinsu daga ofisoshi suka fito, kuma da yawansu lasisin Pro na nan a dashe cikin injin tun daga masana'anta, kana haɗa ta da intanet take gane kanta. Kenan akwai wanda ake sayar masa da abin da ya riga ya zama nasa. Kafin ka miƙa kuɗi ka ce a buɗe maka Settings a nemo Activation, ka karanta da idonka, in ba ka iya ba ka tafi da ɗalibi ko malamin makaranta.

Sannan me Pro ɗin ma take ƙara maka? Akwai BitLocker na kulle bayanan da ke ciki, akwai damar shiga kwamfutar daga nesa, akwai ɗaure ta a tsarin ofis inda mutum ɗaya ke juya kwamfutoci da yawa daga kujerarsa. Cibiyar jarrabawar JAMB mai ɗaruruwan kwamfutoci ko asibiti ko banki, su kam suna da hujja. Amma mai buga katin biki da takardar sayen fili, firintarsa ba za ta ƙara gudu ba, batirin ba zai ƙara daɗewa ba in sola ta yi sanyi. Wai Pro tana iya ɗaukar RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, har terabayit 2, Home kuma gig 128, kai da taka ke da gig 4 tana nishi in ka buɗe Chrome da CorelDraw tare. Kuɗin nan gara ka ƙara RAM ko ka sa SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, ranar za ka ga bambanci.

Abin da ya fi damuna ma ba ragi ba ne. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta janye tallafin Windows 10, wato gyaran tsaron da aka saba turowa kowa ya tsaya, sai wanda ya shiga wani shirin ƙarin wa'adi da aka sa wa dala 30, ko ya bi hanyar kyautar da ke neman asusun Microsoft, shi ma na gama-garin mutane zuwa Oktoban 2026 aka tsara shi. Hawa Windows 11 kyauta ne, eh, amma tana da sharuɗɗa, sai injin na da wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan in furosesar, wato ƙwaƙwalwar injin, ta kamfanin Intel ce galibi sai daga ƙarni (generation) na 8 zuwa sama. EliteBook 840 G3 ɗin nan da ta cika shaguna ƙarni na 6 ce, ko Pro ce a kanta ko Home duk ɗaya, a hukumance ba ta cancanta ba. Nasan masu gyara na da dabarar tura ta ta ƙarfi, tana hawa kuma, sai dai kamfanin ya ce bai ɗau alhakin ci gaba da turo mata gyara ba. Kuma waɗannan kwamfutocin fa su ake shigar da lambar NIN da BVN ɗin mutanen gari a ciki kullum, a kuma zura musu filas ɗin kowa da kowa.

Don haka mai shirin shiga Farm Centre ko Beirut Road a Kano sayen laftof, tambayar farko ita ce ƙarni na nawa ce, a nuna maka a rubuce a allo, i5 mai lamba da ta fara da 8, 9, 10 ko sama. Sai RAM, sai lafiyar batiri, maganar Home ko Pro ta zo daga ƙarshe. In kuma mai shago ya dage kan batun ragi, ka ce ya rubuta maka a rasit ya sa hannu.