Sharhi: Taƙaddama Kan Dandalin Jingu Gaien na Tokyo

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau zai leƙa Tokyo, babban birnin Japan, inda aka daɗe ana kai ruwa rana a kan wani wurin shaƙatawa mai suna Meiji Jingu Gaien.

An kammala wurin ne a 1926 domin tunawa da Sarki Meiji, wanda ya rasu a 1912. Da gudummawar jama'a aka gina shi, matasa daga sassan ƙasar kuma suka yi aikin gayya. A 1926 ɗin ne aka buɗe filin wasan besbol na Jingu, mai ɗaukar 'yan kallo kusan 30,000. Nan ne gidan ƙungiyar Yakult Swallows, nan kuma jami'o'i shida na Tokyo ke fafata daɗaɗɗiyar gasarsu. A 1934 shahararren ɗan wasan Amurka Babe Ruth ya buga wasa a ciki, kuma filayen da ya taka da suka rage a tsaye yau ba su da yawa.

Amma ba 'yan kallo kaɗai wurin ya tara ba. Akwai filin zari-ruga, filayen tanis, zauren wasan sulɓi a kan ƙanƙara, da gidan zane-zanen tarihin sarkin. Ga kuma layukan bishiyoyin ginko da ke rikiɗewa su koma ruwan ɗorawa a watan Nuwamba, mutane su yi ta tururuwa ɗaukar hoto.

To, ina matsalar? A Fabrairun 2023 gwamnatin Tokyo, ƙarƙashin Gwamna Yuriko Koike, ta amince a rushe filin besbol da na zari-ruga, a sake gina su kowanne a mazaunin ɗan'uwansa, tare da dogayen benaye. Masu wurin ibadar Meiji, wato wurin bautar addinin Shinto da aka gina domin sarkin, waɗanda ke da kaso mai yawa na filin dandalin, sun ce gine-ginen sun tsufa, kuma da kuɗin da dandalin ke samarwa ake kula da dajin wurin ibadar. Hujjar ba ta banza ba ce. Duk da haka ƙungiyar ICOMOS mai ba UNESCO shawara kan wuraren tarihi ta yi gargaɗi a Satumban 2023 cewa a dakata.

An fi yin surutu a kan bishiyoyin da aikin zai sa a sare, amma a ganina babbar asarar tana wani wuri: ƙananan filayen besbol da ke gaban gidan zane-zanen, inda ma'aikata da ɗalibai ke kama fili su yi wasansu. Ƙwararru za su samu sabon fili har da otal a jikinsa. Su kuwa waɗannan, tsarin ya share filayensu, alhali kakannin irinsu ne suka gina wurin da guminsu.

An fara sare bishiyoyi a Oktoban 2024, bayan masu aikin sun rage yawan waɗanda za a sare.