Daren da Klay Ya Dawo Cikin Rigar Wasu

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da iskar da ke shiga makirfo, bakin ruwa nake, a bayan Chase Center, filin ƙwallon kwando na kulob ɗinmu Warriors, a San Faransisko, sanyin Nuwamban 2024 kuwa sai ratsa riga yake. A nan ƙarfe goman dare ta kusa, ku a Kano na san kun idar da sallar asuba kuna neman koko.

Kun ga wannan farar hular da ke kaina? Hular kyaftin ɗin jirgin ruwa ce, a ƙofa aka raba mana ita don karrama Klay Thompson, tsohon ɗan wasanmu, saboda yana da ƙaramin jirginsa da yakan tuƙo ya tsallako ruwan nan ya zo wasa. Yau ne karo na farko da ya dawo gidan nan sanye da rigar Dallas. Warriors sun ci 120 da 117, tauraronmu Curry ya zuba maki 37, shi Klay 22. Na ga ƙatti suna share hawaye. Ni ma, to, iska ce ta shigar mini ido.

Amma ba kukan zan ba ku labari ba. Gardama ce da muka shekara muna yi da abokin zamana, wani bawan Allah ɗan Maraɗi, a kan ko ya kamata a ce tun da wuri aka ajiye Klay a benci aka ba yara dama. Ga shi can yana ɓuya daga kyamara.

Ga waɗanda ƙwallon ƙafa kawai suka sani: a NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, minti 48 ake yi, an raba shi kwata huɗu, kowane kulob da mutum biyar a fili. Biyar sau 48, minti 240 ke nan. Wannan shi ne tuwon da koci zai raba kowane dare, ba ya ƙaruwa sai in an yi kunnen doki an ƙara lokaci. Kuma ba kamar ƙwallon ƙafa ba ne, a nan ana cire ka a maido ka sau nawa aka ga dama. Don haka duk mintin da aka ba wani, daga kwanon wani aka ɗebo.

Shi mutumina kullum maganarsa ɗaya: da tsohuwar zuma ake magani. Kuma ina zan musa masa? Kofi huɗu Klay ya ɗauka da kulob ɗin nan, 2015, 2017, 2018 da 2022. Mutumin da ya ci maki 37 a kwata ɗaya a kan Sacramento a 2015. Jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasan ƙarshe da Toronto a 2019, bai gama warkewa ba ta agara ta biyo a 2020, kwana 941 bai taka fili ba, ya dawo ya sake ɗaga kofi. Wa zai kalli irin wannan mutum ya ce masa je ka zauna?

To amma ƙafa ba ta san tarihi ba. A kakar 2023 zuwa 2024 hannun yana nan, wani daren ya yi ta zubawa kamar da, amma ƙafar da ya saba tsare manyan 'yan wasa da ita ta yi nauyi. Yara suna wuce shi. In jifa biyu suka ƙi shiga sai ka ga yana tilasta na uku. Andrew Wiggins ma ya dusashe, an dakatar da Draymond Green saboda ya mangare wani abokin hamayya, Nurkić. A benci kuwa ga Jonathan Kuminga, yaron Goma na ƙasar Kwango, shekara 21, zaune da tawul a wuya.

Daren da na daina yi wa kocinmu Steve Kerr uzuri shi ne 4 ga Janairun 2024, da Denver. Kuminga ya ci 16 cikin minti 19, babu mai iya tare shi in ya nufi kwando. Sai aka zaunar da shi, minti 18 na ƙarshe bai sake shiga ba. Muna gaba da maki 18 a kwatan ƙarshe, muka tsaya kallo aka cinye ratar, Jokić na Denver ya wurgo ƙwallo daga kusan tsakiyar fili ana busa tashi, ta shiga. Na kashe talabijin ban ce wa kowa uffan ba. Washegari labari ya fito cewa yaron ya yanke ƙauna da kocin. Bayan nan ne aka sakar masa mara, kuma kun ga abin da ya biyo, wasa bayan wasa yana haura maki 20. Ashe abin yana nan tun tuni.

Sai 15 ga Fabrairu, a Utah, Kerr ya yi abin da ya yi wata uku yana kewaye-kewaye a kansa. Ya fara wasa da Brandin Podziemski, sabon shiga, ya ajiye Klay a benci, abin da ba a yi masa ba tun 2012. Klay ya taso daga bencin nan a fusace ya zuba 35.

Mutumina ya ce, ka gani, ai ga shi ya nuna musu. Ni kuma na ce, malam, ai hujjata ce ka ɗauka. Daga benci yana haɗuwa da 'yan canji, ƙafarsa da sauran ƙarfi, ba a ɗora masa tsaron dodon kowane kulob ba. Shi kuma Podziemski yana yin aikin wahalar, tsintar ƙwallo, tsayawa a banke shi a ba wanda ya banke shi laifi. A wannan kakar babu wanda ya kai shi yawan tsayawa a banke shi a duk gasar. Da an yi wannan tun Nuwamba, da an rufa wa dattijo asiri, yara kuma sun ƙosa kafin lokacin zafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mun ƙare da nasara 46, na goma a rukunin Yamma, muka je Sacramento wasan neman gurbin shiga zagayen cin kofi aka lallasa mu 118 da 94. Klay ya yi jifa goma, ko ɗaya bai shiga ba. Wasansa na ƙarshe a rigarmu ke nan. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Ni a ganina kunya ce ta cuci Kerr, irin wadda muka sani, ta haɗa ido da wanda kuka sha wuya tare. Ga kuma albashi, sama da dala miliyan 43 a shekarar. Zaunar da wannan kuɗi a benci sai mai taurin zuciya.

Ga shi can yana girgiza kai, har yanzu bai yarda ba. Zo mana ka faɗa musu da bakinka. Ya ƙi. To bari mu ruga, jirgin ƙasan ya iso, in muka rasa wannan sai mun daskare a nan. Riƙe mini hular, kar iska ta tafi da ita.